Ana cin abinci da rubuta wa wasu waƙa? Amsa da labarin Max Martin

Wani matashi daga unguwar Zariya, nan Maradi, ya aiko mini da wannan: "Kawu, ina wuni. Ina da ɗan situdiyo a zauren gidanmu, ina haɗa kiɗa, ina rubuta baitoci, amma muryata ba ta waƙa ba ce. A fadarmu wani ya ce akwai Bature mai suna Max Martin da ya fi kowa yawan waƙoƙin da suka yi fice a duniya, alhali bai taɓa riƙe makirfo ba. Gaskiya ne? Yaya aka yi ya kai nan? Kuma mutum zai iya rayuwa da irin wannan sana'a a ƙasar nan?"

Lafiya lau, ɗana, Allah ya yi albarka. Abokin naka bai yi maka ƙarya ba, amma ya zuba gishiri a wuri biyu. Mutumin ya riƙe makirfo, da shi ma ya fara. Sannan ba a komai ya fi kowa ba. A jadawalin Billboard Hot 100, wanda da shi ake auna kasuwar waƙa ta Amurka kowane mako, Paul McCartney na ƙungiyar Beatles yana da waƙa 32 da ya rubuta suka hau matsayi na ɗaya. Max Martin ya kai 27 a watan Maris na 2024, ya haura John Lennon mai 26, ya zauna a na biyu. Inda ya zarce kowa shi ne a aikin furodusa, wato irin aikinka da nawa na zama a gaban na'ura har waƙa ta tashi: a Janairun 2024 ya cika 24, ya wuce George Martin, furodusan Beatles, mai 23. Ba dangi ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Na yi sama da shekara 20 a wannan aiki, tun lokacin da muke naɗa a kaset muna juya shi da biro idan ya sarƙe, kuma na daɗe ina bibiyar mutumin nan. Abin da na fahimta shi ne, masu ba da labarinsa sun fi son zancen baiwa, ni kuwa abin da nake gani yaron shago ne da ya zauna ya koyi sana'a a hannun maigida, ya kuma ƙi daina koyo bayan ya zama maigidan kansa.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Karl Martin Sandberg. An haife shi ranar 26 ga Fabrairu 1971 a Sitokholm, babban birnin Suwidin, ya tashi a wani ƙaramin gari da ake kira Stenhamra. Ubansa ɗan sanda ne, uwarsa malamar makaranta. Ba gidan makaɗa ba ne ke nan. A wurinmu, ɗan ɗan sanda ya ɗauki kalangu, kafin magariba dangi sun taru. A can kuwa hukumomin garuruwa ke ɗaukar nauyin makarantun kiɗa, yaro ya tashi daga lakwal ya wuce ya koyi busa ko ganga ko piyano da kuɗi kaɗan. Shi da bakinsa ya yaba wa waɗannan makarantu a kan abin da ya zama. Yana saurayi ya zama mai jan waƙa a wata ƙungiyar rok mai suna It's Alive, da dogon gashi da laƙabin Martin White. Sun fitar da faifai a 1994 bai yi kasuwa ba. Da a nan labarin ya tsaya, da ba mu san shi ba.

Kamfanin da ya fitar musu da faifan shi ne Cheiron, na wani mutum mai suna Dag Volle, wanda duniya ta sani da Denniz PoP. Wannan shi ne maigidan. Asalinsa mai saka faifai ne a gidajen rawa, ba wanda ya yi zurfi a karatun kiɗa ba. Ilminsa na fili ne: ya san daƙiƙar da mutane ke barin rawa su koma kujera, ya kuma san abin da ke dawo da su. Duk wanda ya taɓa riƙe kiɗan biki a Maradi ya san wannan ilmi. Kana gani mata sun fara gyara gyale suna duba waya, ka san waƙar ta mutu ko da mawaƙin bai gama ba. Akwai labarin da aka sani a kansa: ƙungiyar Ace of Base ta aiko masa kaset na gwaji, bai so shi ba, sai kaset ɗin ya maƙale a rediyon motarsa. Kullum ya tayar da mota sai ya ji ta, har kunnensa ya gano abin da ke ɓoye a ciki. Ita ce ta zama "All That She Wants". Denniz ya saurari faifan It's Alive, ya ji cewa yaron nan mai ihu a makirfo yana da kunnen kari, ya jawo shi situdiyo wajen 1993, shi ne ma ya laƙaba masa suna Max Martin.

Ka lura da abin da ya biyo baya, don nan ne ƴan zamani ke tsallakewa. Mutumin da ya saba tsayawa gaban taro ana tafa masa ya koma kujerar baya, ya yi kusan shekara biyu yana kallon yadda ake aiki. Denniz ya san bugu da sauti, Max ya san kari da yadda ake jera muryoyi, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa. A 1995 sunansa ya fito a faifan Ace of Base na biyu. A daidai lokacin ne kamfanin Jive na Amurka ya turo wasu samari biyar, Backstreet Boys, su yi naɗi a Sitokholm, kuma a Turai suka fara karɓuwa kafin garinsu ya waiwaye su.

Sai 1998, shekarar daɗi da ɗaci. Max ya rubuta wata waƙa aka kai wa ƙungiyar mata ta TLC suka ƙi ta. Aka ba wata yarinya ƴar shekara 16 daga Luwiziyana, Britney Spears, ta zo Cheiron ta rera. Ita ce "...Baby One More Time". Denniz bai ga fitarta ba, ciwon dajin ciki ya kashe shi a watan Agusta yana da shekara 35. Waƙar ta fito bayan rasuwarsa, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a Janairun 1999, ita ce ta farkon Max a wannan matsayi.

Dalilin ƙin da TLC suka yi yana da daɗin ji. Kalmar da ke tsakiyar amshin, a kunnen Ba'amurke, duka take nufi. Max kuwa ya ɗauka matasan can suna faɗinta ne da ma'anar a kira mutum a waya. Shi ya sa ma aka yanke ta daga sunan waƙar aka sa ɗigo uku. Abin yakan ba ni dariya, don da Bahaushe ne da bai ga aibu ba. Mu ma ai buga waya muke yi. Budurwa ta ce wa saurayi "ka bugo mini", ba mai kiran jandarma.

Wannan kuskure ya kai mu ga asirin aikinsa, abin da shi da yaransa ke kira lissafin kari. Ba ya farawa da kalmomi. Karin yake fara ginawa, yana gunguni da gaɓoɓin da ba su da ma'ana, sai ya tsaya daram, sannan a nemo kalmomin da za su shiga cikinsa kamar ƙafa a takalmi. Idan layin farko gaɓa bakwai ne, abokinsa ma bakwai ne, kuma nauyin ya faɗi a wuri ɗaya. Idan baiti yana gudu da gajerun sautuka, amshi sai ya zo da dogaye, kunne ya huta. Idan baiti ya shigo kafin bugu, amshi ya shigo a kan bugu. Ba ya cika waƙa da kari iri-iri, uku ko huɗu sun isa, a yi ta juya su. Amshi kada ya yi nisa, kuma mai sauraro ya gane waƙar tun daga daƙiƙun farko. Idan ma'ana ta yi karo da kari, ma'ana ce ke ba da hanya. "I Want It That Way" ta 1999, wadda ya rubuta da Andreas Carlsson, baitocinta da amshinta ba su ma yarda da juna ba. An naɗi wata mai gyararrun kalmomi, aka saurara, aka koma wa ta farkon.

Rabin wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu rubutacciyar waƙa sun daɗe suna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san cewa amshi ne turken waƙa. Shata yana iya yawo ko'ina da magana, ƴan amshi na riƙe masa gida. Abin da yaro ke rerawa a hanyar rijiya amshi ne, ba baiti ba.

Amma ɗaya rabin, ɗana, ka yi hattara da shi, don a nan na ga yara da yawa sun faɗi. Turanci yana jure a murɗa shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke, kukar miya kuwa ta farko a sama ta biyu a ƙasa. Ka ɗora kalmar a kan karin da ke sauka, ka sa masoyinka yana bishiya a maimakon hawaye. Haka tsawon wasali: ka ja gaɓar farko ta gari, ka tashi daga birni ka faɗa kwanon tuwo. Masu sauraro suna yafe kaɗan, musamman da waƙoƙin fim da aka gina a kan karin Indiya suka saba musu da jin Hausa a karkace. Amma ka duba waƙoƙin da suka daɗe a bakin mutane, za ka tarar karinsu yana bin maganar ne kamar mutum na zance. Ni abin da nake yi, ina gina karin da gunguni kamar yadda Max ke yi, amma kafin mawaƙi ya shiga ɗakin naɗi sai na sa shi ya faɗi layin da baki, ba waƙa, sau uku. Idan faɗin da rerawar suka saɓa, ko a sauya kalma ko a lanƙwasa karin. Ba a barin su haka.

Max da kansa yake rera gwajin waƙar da muryarsa, mawaƙi ya zo ya bi sawu har wurin numfashi. Sannan a naɗi layi ɗaya sau da yawa, a zauna a tsinto mafi kyau gaɓa-gaɓa a ɗinke. Ka ga ke nan muryar da ka ce ba ta waƙa ba ce tana da aiki. Ba sai ta yi daɗi ba, ta dai nuna hanya daidai.

An rufe Cheiron a 2000, shekarar da ya yi wa Britney "Oops!... I Did It Again", ya kuma sa hannu a "It's My Life" ta Bon Jovi. Ya buɗe nasa situdiyon, Maratone, tare da Tom Talomaa. Daga nan kasuwa ta juya masa baya. Yayin waƙar samari da ƴan mata ya wuce, hip hop da kiɗan su Timbaland da Neptunes suka karɓe rediyon Amurka, sautin Cheiron ya zama tsohon yayi. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancanta a yi nazari a rayuwarsa, fiye da duk lambobin da na lissafa maka. Yawancin furodusoshi shekara biyar suke yi, sautinsu ya tsufa su tsufa tare da shi, su koma fada suna cewa yaran yanzu ba su san kiɗa ba. Na san irinsu, wata rana ma nakan ji bakina yana faɗin haka. Shi bai yi jayayya da kunnen mutane ba. Ya ajiye sautin da ya yi masa suna, ya koma kan jita, ya haɗa kai da wani Ba'amurke mai suna Lukasz Gottwald, wato Dr. Luke, suka yi wa Kelly Clarkson "Since U Been Gone" a 2004. Jikin rok ne, amma ƙashin bayan lissafin nan ne dai.

Daga nan bai sake sauka ba. Ya yi aiki da mawaƙiya Pink, sai Katy Perry daga 2008. Faifanta na 2010, "Teenage Dream", ya fitar da waƙa biyar da suka hau matsayi na ɗaya, abin da Michael Jackson kaɗai ya taɓa yi da faifai guda, kuma huɗu daga ciki da hannun Max. Taylor Swift ta zo wurinsa a 2012 lokacin da take son fita daga kiɗan kantiri, suka yi "Shake It Off" da "Blank Space" a 2014, ta kuma dawo masa da faifanta na 2025. The Weeknd ya samu "Can't Feel My Face" a 2015, sai "Blinding Lights" ta ƙarshen 2019, wadda ta yi mako 90 a jadawalin Billboard. Ya karɓi Grammy na gwarzon furodusa a 2015, da kyautar Polar a 2016 daga hannun sarkin Suwidin. Duk da haka da wuya ya yarda a yi hira da shi, zai iya ratsa kasuwa ba wanda ya juyo.

Yadda ya daɗe ba wani sihiri ba ne, abin da aka yi masa ya yi wa wasu. Ya ɗauko Shellback, yaron da aka haifa a 1985 mai kiɗan metal, wani nau'in rok mai tsananin ƙara, ya zaunar da shi kamar yadda Denniz ya zaunar da shi. Bayansa ga su Savan Kotecha, Ilya, Oscar Holter. Su suna kawo masa abin da ke tashe a kunnen matasa, shi yana ba su gini. Shi ya sa za ka ga suna huɗu ko biyar a kan waƙa ɗaya. Masu suka suna cewa wannan masana'anta ce ba fasaha ba, kuma ya sa waƙoƙin rediyo sun zama kamar buhunan siminti, kowanne irin ɗan'uwansa. Akwai gaskiya a ciki. Idan na jera waƙoƙinsa goma na saurara, nakan ji ƙishin wani abu mai ɗan karkata, irin muryar tsohon mai gurmi da ba ta san awo ba. Mawaƙiya Lorde ta taɓa ba da labarin cewa ya saurari wata waƙarta ya ce ginin ba daidai yake ba, ta bar ta yadda take, kuma waƙar ta karɓu. Amma zancen cewa aikin taro ba fasaha ba ne, wannan ban yarda da shi ba. Makaɗan fada na ƙasar Hausa ma ba su kaɗai suke ƙaga waƙa ba, ƴan amshi suna da ƙari a ciki. Bambancin kawai, su can ana rubuta sunan kowa.

To, ga zancen abinci, wanda na san shi ne ainihin tambayarka. Kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai haƙƙin ƙagawa, wato kari da kalmomi, akwai kuma haƙƙin naɗin da aka yi. Max yana ci ta ɓangaren farko a matsayin marubuci, yana kuma da kaso a na biyu a matsayin furodusa. A Suwidin akwai ƙungiya mai suna STIM tun 1923, aikinta ta bi gidajen rediyo da talbijin da wuraren taro, yanzu har da manhajojin intanet, ta karɓi kuɗi ta raba wa marubuta, kuma tana da yarjejeniya da takwarorinta na wasu ƙasashe. Saboda haka waƙar 1998 har gobe tana haihuwa. Kada ka ɗauka wannan rabe-raben wasa ne: rigimar da ta sa Taylor Swift ta sake naɗar tsofaffin faifanta daga 2021 a kan haƙƙin naɗi ce, don kalmomin nata ne amma a lokacin naɗin na wasu ne.

Mu nan waƙa tana tafiya ta memori da WhatsApp da masu tura waƙa a bakin kasuwa, ba mai ƙirga sau nawa aka saurara. Biya ɗaya ake yi, a tashi. Shekarun baya na yi wa wani mawaƙi kari da amshi, na gyara masa baitoci, ya ba ni jika 15 muka yi musabaha. Waƙar ta zagaye bukukuwa har ƙetaren iyaka, ya yi mota da ita, ko sunana bai ambata ba. Na yi fushi wata da watanni, daga baya na ga laifina ne: ban rubuta komai ba, kunya ta hana ni. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ka yi rajistar ayyukanka a can. Ba zan ce maka za ta sa ka gina bene ba, amma ranar da gardama ta tashi kana da abin nunawa.

Ana rayuwa da sana'ar, sai dai ba ta hanyar Max ba tukuna. Kuɗin yana wurin waƙar biki da suna, tallar ƴan kasuwa, wadda Maradi ba ta rasa ba, waƙoƙin faɗakarwa na ƙungiyoyi, sha'irai masu yabo, lokacin siyasa ga mai iya ɗaukar rigimarta, sai masana'antar fim ta Kano, inda tuni aka saba wani ya rubuta, wani ya rera, wani ya hau a fim. Kana kuma da abin da shi bai samu ba. Mutanen Suwidin kusan miliyan 10 ne, dole ya yi waƙa da harshen wasu kafin ya samu kasuwa. Masu jin Hausa sun ninka haka sau da yawa, Katsina kuwa ga ta nan kusa, ka karya a gida ka yi azahar a can.

Takardar yarjejeniyar da ya kamata ka rubuta ba ta buƙatar lauya. Sunan waƙa, wa ya yi kari, wa ya yi kalmomi, wa ya haɗa kiɗa, nawa aka biya, kason kowa idan ta shiga YouTube ko fim ko talla, da sharaɗin a rubuta sunanka duk inda aka sa ta. Ku sa hannu gaban shaidu biyu kafin ka tura masa waƙar, ba bayan ta fita ba. Mawaƙin da ya ce "haba, tsakaninmu?", shi ne ma ya fi buƙatar takardar.

Ka zo wurina ranar Lahadi bayan la'asar da amshi uku, amshi kawai, ba baiti ba kiɗa. Ka rera mini su da wannan muryar taka. Idan na kwana na tashi ɗaya yana bakina, shi za mu gina, in kuran bai ɗauke ba.